Ƙwallon yara ta fasa taga, magana ta kai caji ofis: abin da ya faru a wani layi a Jos

Layin da zan yi magana a kansa yana cikin Jos ta Arewa, ɗaya daga cikin tsofaffin unguwannin nan da gidaje ke manne da juna, kuma ba zan kama sunan unguwar ko na wani mutum ba don an riga an yi sulhu, mutanen suna nan suna haɗuwa a masallaci ɗaya. Gidaje ne wajen ashirin hagu da dama, kwata ta bi gefe guda, kwaltar ta mutu tun tuni sai ɓurɓushi, mota ba ta cika bi ba sai keke da 'yan garuwa. A taƙaice dai yara ne suka fasa gilasan taga guda uku da ƙwallo, mai gidan ya kai ƙara, 'yan sanda suka zo suka kwashi yara biyar, ɗaya ya kwana a sel. Amma taƙaitawar ba ta nuna yadda aka yi aka kai can ba, kuma nan ne zancen yake.

Masu buga ƙwallo a layin kashi biyu ne, a riƙe wannan don daga baya shi aka cakuɗa. Akwai ƙanana, daga shekara takwas zuwa sha uku, su ne na kullum, da an taso Islamiyya bayan la'asar za ka gan su sun jefar da jakunkuna a gindin bango sun kafa raga da dutse biyu ko silifas, taku uku tsakani, ba gola. Ƙwallon roba suke bugawa, in ta fashe a cusa mata leda da tsumma a ci gaba. Suna da dokarsu, in keke ya shigo wani zai yi ihu "tsaya tsaya" kowa ya daskare inda yake, in babba ne zai wuce a taka ƙwallon da ƙafa sai ya wuce, in ta faɗa kwata wanda ya buga shi zai ciro ya wanke a bakin famfo. Sai kuma manya, samari 'yan sha bakwai zuwa ashirin da wani abu, su sai Asabar da Lahadi da safe, da ƙwallon fata, ana buga set, wato rukuni-rukuni, waɗanda aka ci su fita wasu su shiga, wani lokaci har a sa kuɗi, kuma inda aka sa kuɗi ka san ashar ba ta nisa.

Mai ƙarar dattijo ne ɗan fansho, kowa Baba Alhaji yake ce masa, gidansa ne a tsakiyar layin daidai inda ya fi faɗi ya fi shimfiɗa, wato dai ƙofar gidansa ita ce filin. Kafin a yi masa hukunci a ji nasa. Matarsa ta samu shanyewar ɓarin jiki ga hawan jini, ɗakinta shi ne mai taga ta waje. Get ɗin gidan na ƙarfe ne, in ƙwallon fata ta dake shi ƙarar kamar an jefo duro daga saman bene, kuma a garin da aka yi tashin bam biyu a kasuwar Terminus a watan Mayun 2014 tsohuwa marar lafiya ba ta buƙatar dogon bayani kafin gabanta ya faɗi. Ya yi wa bangon gidan fenti kafin babbar sallah, damina na shigowa bangon ya cika da tambarin ƙwallo mai laka, da'ira da'ira har saman taga. Ƙaramin cikin yaran kuma shi ake ɗagawa ya haura katanga in ƙwallo ta faɗa ciki, ya dira kan tankin ruwa, ba sallama ba komai.

Bai fara da 'yan sanda ba, wannan gaskiya ce da iyaye da yawa suka manta bayan abin ya faru. Ya yi wa yaran magana, sun ce to Baba, washegari sun dawo. Ya tari iyayensu bayan magariba, amsar ɗaya ce, "yara ne Alhaji, a yi haƙuri", wani ma ya ƙara da cewa mu ma a nan muka buga. Ya je wajen mai unguwa, mai unguwa ya aiko a faɗa musu, aka yi kwana biyu shiru aka koma ruwa. Daga nan ya fara ƙwace ƙwallo in ta shigo gidansa, da ya ga ana haɗa kuɗi a sayo wata sai ya koma sa wuƙa ya tsaga ta biyu ya wurgo ta katanga. To kun san yara, tun daga ranar ya zama abokin gaba, aka fara dukan get ɗin da gangan in za a watse, a buga a ruga. Iyaye suna gani suna dariya a ƙasa-ƙasa, kuma ni a wurina laifin farko yana nan.

Mutum zai ce me ya hana su zuwa fili. Wane filin? Jos garin ƙwallo ne ba gardama, Mighty Jets ce ta ci gasar lig ta ƙasa ta farko a 1972, Plateau United ta ci a 2017, Mikel Obi a Jos aka haife shi, haka Ahmed Musa, haka Ogenyi Onazi, haka Moses Simon, babu yaron da ke layin nan da bai haddace wannan jerin ba, kowannensu gani yake saura shi. Amma tun rikicin Satumban 2001, da na Nuwamban 2008, da na Janairun 2010, garin ya rabu, mutane suka yi ta sayar da gida ko musayar gida suna komawa inda nasu suka fi yawa, unguwanni irin namu suka cika maƙil, duk wani kango ko fegi da yara ke wasa a da an gina shi, wani ma an yanka tsakar gida an ƙara ɗakin haya. Makarantu sun zagaye filinsu da katanga saboda tsaro, kuma ba ka ce sun yi laifi ba. Akwai filaye a wasu sassan garin amma wace uwa ce za ta bar ɗan shekara goma ya tsallaka unguwar da ita kanta sai ta duba yanayin gari kafin ta shiga? Filin wasa na Rwang Pam kuma ba na yaro mai ƙwallon leda ba ne. Saboda haka ƙofar gidan Baba Alhaji ta ɗauki nauyin da ba nata ba.

Ranar da abin ya faru cikin dogon hutu ne, watan Agusta, ruwa ya ɗauke da yamma. Ƙanana ne ke wasa amma sun aro ƙwallon fata a hannun yayan ɗaya daga cikinsu. Wani ɗan shekara sha biyu ya narka shot, ta kauce, ta sami tagar ɗakin Hajiya, irin tagar nan ta da mai gilasai a jere, uku suka tarwatse, ɓaraguzai suka zubo kan gadon da take kwance. Ba ta ji ciwo ba Allah ya tsare, amma a daren sai da aka kai ta asibiti jininta ya hau. Yaran suka watse, kuma ga abin da ya fi ɓata wa dattijon rai, har washegari da azahar babu uba ɗaya da ya zo ya ce sannu, ya mai jiki. Kowa ya lafe yana jiran ya ji ɗan wa za a ambata.

Zuwansa na farko caji ofis, wanda ya tarar a kanta ya saurare shi ya ce Baba wannan maganar unguwa ce, ka koma wajen mai unguwarku a biya ka gilas. Wallahi da an tsaya a nan da an huta. Sai wani ɗan'uwansa, irin mutanen nan da suka san kan ofis-ofis, ya ce masa ai ba haka ake kai ƙara ba, in ka ce yara na ƙwallo ba wanda zai tashi daga kujera. Ya zauna ya rubuta masa takardar koke da Turanci, an karanta ta a wajen sulhu shi ya sa kowa ya san abin da ke ciki: wai gungun matasa 'yan daba ne suka mamaye layin, suna shaye-shaye, ana zargin suna da alaƙa da sara-suka, sun kai hari gidansa sun yi barazana ga ran matarsa. Dattijo ya sa hannu. A Jos kalmar sara-suka ba abin wasa ba ce, an yi asarar rayuka a kanta, duk DPO ɗin da aka kawo wa takarda mai wannan kalmar ya yi banza da ita gobe wani abu ya faru shi za a tambaya. Kun ga yadda abin ke aiki ke nan, ƙaramin koke ba ya motsa kowa, sai an hura shi, in an hura shi kuma martanin da zai zo girman abin da aka rubuta zai zo, ba girman abin da ya faru ba.

Bayan kwana biyu da yamma Hilux ta shigo layin da gudu, mutum shida ko fiye a baya da bindigogi. Yara suka tarwatse ta ko'ina. Wanda bai zauna a Jos ba ba zai gane abin da ya biyo baya ba: mutanen bakin titi sun ga yara na fitowa daga lungu a guje suna ihu, ba wanda ya tsaya tambaya, masu shago suka fara jan ƙofa, masu keke suka juya, mai suyar awara a bakin layin ta tashi da sauri kaskon ya kife man ya tafi, kafin minti goma har an fara kiran waya daga wasu unguwanni ana cewa lafiya muka ji an fara a wajenku, wani ma har ya saki sautin murya a WhatsApp. Sai da liman ya yi magana a lasifika cewa ba komai ba ne kowa ya kwantar da hankalinsa. Yaro ɗaya ya faɗa kwata wani ƙarfe ya yanke shi a ƙwauri sai da aka yi ɗinki.

Waɗanda aka kama su ne waɗanda ba su iya gudu ba. Uku 'yan ƙwallon ne, shekara tara, goma, sha ɗaya. Na huɗu dawowa yake daga niƙa da bokiti a kai, ko takalmin ƙwallo bai taɓa sawa ba. Na biyar ɗan shekara sha shida ne mai koyon ɗinki a shagon tela na bakin layin, dogo ne, ya fito shan iska yana tsaye yana kallo. Wanda ya buga shot ɗin kuwa tun ranar aka tura shi gidan kakarsa a Bukuru. Ɗan'uwan nan mai rubuta takarda har cewa ya yi a tafi da yayan yaron in ba a same shi ba, wani saja cikin 'yan sandan ya ƙi.

A caji ofis an zaunar da ƙananan huɗu a benci bayan kanta, ba a sa su sel ba, wata 'yar sanda ce ta tsaya a kan haka har ta sayo musu fiya wata. Ɗan shekara taran ƙafarsa ɗaya ce da silifas, ɗayan ya faɗi a layi, ya ɗora marar takalmin kan mai takalmin yana ta shessheƙa, na niƙan kuma ya ƙi sakin bokitinsa, ya rungume shi a cinya, ƙullun ya fara tsami, shi tsoronsa kar a ce ya zubar. Iyaye mata suna waje da hijabai a jikin katanga, maza suna ciki ana "yallaɓai a taimaka". Da DPO ya dawo ya leƙa ya gan su, abin da waɗanda ke wurin suka ji ya faɗa shi ne, waɗannan ne 'yan sara-sukan? Ya ce a sallami ƙananan a hannun iyayensu. Amma ɗan telan, wato mai koyon ɗinkin nan, saboda tsayinsa da ɗan gashin baki da ya fara fito masa aka ce shi sai an bincika, ba shi da uba, uwarsa ba ta zo da takardar haihuwa ba, ya kwana a sel tare da manya. A jikin bango an manna takarda cewa beli kyauta ne, duk da haka babu uban da ya fito bai ajiye wani abu ba, an kira shi kuɗin takarda, an kira shi kuɗin mai. Da aka haɗa lissafi daga baya, da kuɗin ɗinkin ƙafa da man mai awara, abin ya ninka kuɗin gilasan ukun nesa ba kusa ba.

Yanzu me doka ta ce, don mutanenmu da yawa gani suke ɗan sanda in ya ga dama komai ma zai iya. Final Kod ɗin Arewa, wato kundin dokar hukunta laifuka da aka fara aiki da shi a 1960, sashe na 50, ya ce abin da yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai ya aikata ba laifi ba ne sam, daga bakwai zuwa ƙasa da sha biyu kuma ba laifi ba ne sai in hankalinsa ya kai ya gane abin da yake yi da abin da zai haifar. Laifin ɓarnata dukiya kuma yana buƙatar niyya ko sanin cewa ɓarnar za ta auku, shot ɗin da ya kauce abu ne na biyan diyya tsakanin maƙwabta. Dokar 'yan sanda ta 2020, sashe na 32, ta hana kama mutum kan abin da rikici ne na tsakanin mutum da mutum kawai ba laifi ba, sashe na 36 kuma ya hana kama wani a madadin wanda ake nema, wato sajan ɗin da ya ƙi tafiya da yayan yaro doka ya bi ba alfarma ya yi ba. Dokar kare haƙƙin yara ta tarayya ta 2003, wadda Filato ta yi tata a 2005, ta ɗauki duk wanda bai kai sha takwas ba a matsayin yaro, sashe na 12 ya ba shi haƙƙin hutu da wasa, ta ce in an kama yaro a sanar da iyayensa nan take, kuma ta ba 'yan sanda damar kashe ƙananan maganganu ta hanyar sulhu da biyan diyya ba sai an je kotu ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, da Najeriya ta amince da ita a 1991, ta ce yaron da aka tsare a raba shi da manya. To ɗan telan shekararsa sha shida, tsayi ba shekaru ba ne.

Amma kar iyaye su ɗauka doka duk tasu ce. Tare hanyar jama'a da damun mutane laifi ne a Final Kod ɗin nan dai, haura katangar mutum ba izini ma na iya zama laifi, kuma samarin Asabar da Lahadi da yawansu sun wuce sha takwas, da su aka kama ana caca a kan set da zance ya sha bamban. Haƙƙin wasa ba ya nufin haƙƙin wasa a ƙarƙashin tagar marar lafiya.

Da safe uwar ɗan telan ta je da mai unguwa da ogan shagon da katin makarantar yaron aka sako shi, kafin cikar kwana ɗaya da tsarin mulkin 1999 ya gindaya a sashe na 35 na kai wanda aka tsare kotu in akwai kotu kusa. DPO da kansa ya ce a je a zauna a unguwa, ya haɗa su da wani dattijo ɗan kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a, PCRC ɗin nan da aka kafa tun 1984 amma yawancin mutanen layin ranar suka fara jin sunansa.

Zaman a zauren mai unguwa aka yi bayan isha'i, da liman, da iyaye maza, da ɗan kwamitin, da ɗan sanda ɗaya cikin kayan gida. Da farko hayaniya ce kawai, kowa na son ya faɗi nawa ya kashe. Sai uwar ɗan telan ta yi sallama daga bakin ƙofa, mace ɗaya tilo a wajen, ta durƙusa ta gaida mai unguwa ta ce ranka ya daɗe a ba ni izini. Ta juya wajen dattijon ta ce, "Baba Alhaji, yaron nan da ya kwana a sel shi ne ke kama maka Hajiya ku sa ta a mota duk ranar asibiti, ko ba shi ba ne? Ka taɓa ganinsa da sigari balle wuƙa?" Dattijo ya yi shiru ya sunkuyar da kai, can ya ce shi bai ce a kama shi ba, shi bai ma san abin da aka rubuta ya kai haka ba, an karanta masa sama-sama ya sa hannu. Daga nan shi ma ya buɗe nasa, ya ce shekara nawa ina roƙonku, wa ya taɓa tsawata wa ɗansa a gabana, gilas ya zubo kan matata tana kwance ba ta iya ko juyawa, waye cikinku ya taka ya zo dubiya? Nan kuma iyaye suka yi tsit. Liman ya ce to kowa ya ji nasa, ɗan kuka shi ke jawo wa uwarsa jifa, amma jifan ma ya wuce inda aka nufa. Mai rubuta takardar bai zo zaman ba, an ce ya yi tafiya.

Abin da aka tsayar ba wani abin mamaki ba ne. Uban wanda ya buga zai sa gilasan, sauran iyaye su haɗa kuɗi a sa wa tagar ragar waya ta waje. An hana ƙwallon fata a layin gaba ɗaya, samari su nemi wani wuri. Ƙanana su koma ƙarshen layin wajen bangon wani sito da ba mai kwana a ciki, kuma da an kira magariba an tashi. Ba mai sake haura katanga, in ƙwallo ta faɗa gida a yi sallama a roƙa. Baba Alhaji zai janye ƙara a rubuce, ya dawo da ƙwallayen da ya ƙwace waɗanda wuƙa ba ta ci ba, kuma shi da kansa ya ce zai biya kuɗin ɗinkin ƙafar yaron nan, uban ya ce a bar shi, aka yi ta ja har liman ya raba musu biyu. Maganar kuɗin da aka ajiye a caji ofis ta taso, wani matashi ya ce akwai sashen karɓar koke kan 'yan sanda da aka buɗe a 2015 zamanin Solomon Arase, ana iya kira ko a tura saƙo, dattawa suka ce a rufa, ba mai son sunansa ya shiga wata takarda kuma. Ni dai ban ga hikimar wannan rufawar ba, amma na gane tsoron.

Duba sharuɗɗan nan da kyau, babu ɗaya da ke buƙatar Hilux. Duk abin da aka amince da shi a daren nan ana iya amincewa da shi tun ranar da dattijon ya fara tarar mutane bayan magariba, bambancin kawai a lokacin ba wanda ya ji zafi sai shi kaɗai. Mai unguwa ba shi da abin da zai tilasta wa kowa, ƙarfinsa shi ne kunyar da ake ji tasa, kuma aike ya yi maimakon ya taka ya tara mutane. Su kuma 'yan sanda, ban ce kar su amsa takarda mai maganar sara-suka ba, dole su amsa, amma mutum ɗaya cikin kayan gida da zai zo ya zauna wajen mai shayi ƙarfe biyar na yamma ya kalli layin rabin awa ya ishe su sanin ko daba ce ko 'yan firamare. Ko su kira mai unguwa a waya. Takardar ta yi kwana biyu a hannunsu kafin su zo, lokaci bai ƙure musu ba. A gari irin Jos shigowa lungu da bindigogi a guje yana da farashin da ya wuce na wanda aka zo kamawa.

Bayan sulhu wasu abubuwan sun riƙe wasu ba su riƙe ba. Ragar taga tana nan, get ya huta, Hajiya na samun barcin la'asar. Amma ɗan telan ya sha wahala, yara suka laƙa masa ɗan sel, wasu kwastomomi suka fara yi wa ogansa maganar wai ya kula da kayan mutane, sai da ogan ya tsaya tsayin daka. Ya daina zuwa kama Hajiya ranar asibiti, ba wanda ya hana shi, ba wanda kuma ya iya ce masa ya je, yanzu sai an kira wani jikan daga Rikkos. Ƙananan suna gaida Baba Alhaji in iyayensu na kusa, in ba sa nan su tsallaka ɗaya gefen. Ɗan shekara taran kuwa uwarsa ta ce ko jiniyar motar asibiti ya ji sai ya shige ɗaki.

Samarin sun rubuta wa hedimastan wata firamare da ke kusa takarda, da sa hannun mai unguwa, ya yarda su riƙa shiga ranar Asabar kawai, da sharaɗin ba caca ba shaye-shaye kuma su share filin, maigadin makarantar ne dai har yanzu sai an ɗan ga hannunsa kafin mabuɗi ya fito. Ƙanana ba sa zuwa can don sai an tsallaka babban titi. A ƙarshen layin da aka mayar da su kuma akwai wata baiwar Allah mai teburin kayan miya da manja a kwalabe, ƙwallo ta riga ta kifar mata da tire sau biyu, ta kai magana wajen mai unguwa makon jiya, wannan karon ya taka da ƙafarsa ya zo ya duba, an ce za a matsar mata da teburin kusa da famfo in mai famfon ya yarda, shi kuma ya ce sai ya yi shawara da ƙaninsa da suka gaji gidan tare.